Buɗaɗɗen Bincike: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini da Amsoshinsu

A ɗakin karatu na jami'a nake aiki, kuma da wuya mako ya fita ban ga ɗalibi ko malami ya tsaya gaban teburina da waya a hannu ba, yana nuna mini maƙalar da yake nema ido rufe, shafin kuwa ya ce sai an biya dala talatin da wani abu. Daga bakin irin waɗannan mutane na tattara tambayoyin nan. Na amsa su yadda nake amsawa a ofis, inda nake da ra'ayi kuma ban ɓoye shi ba.

Malam, mene ne buɗaɗɗen bincike?

Shi ne a sa sakamakon binciken masana a intanet yadda kowa zai karanta ba tare da ya biya ko sisin kwabo ba, kuma ba sai yana da rajista da wata jami'a ba. Abin ma ya wuce karatu. Sanarwar da aka fitar a birnin Budapest na ƙasar Hangari a watan Fabrairun 2002, wadda ita ta tsayar wa wannan fafutuka da ma'ana, ta ce mai karatu yana da damar ya sauke maƙalar, ya kwafa, ya rarraba, ya buga a takarda, muddin ya ambaci mai ita kuma bai jirkita masa magana ba. A 2003 aka ƙara wasu sanarwa biyu, ta Bethesda a Amurka da ta Berlin a Jamus, duk a kan turba ɗaya.

Ai na ɗauka kuɗin da nake biya marubucin ake ba. Ba haka ba ne?

Ko kwabo ba ya zuwa hannunsa. Wannan shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki idan na faɗa.

Ga yadda harkar take. Gwamnati ko wata gidauniya ta ba mai bincike kuɗi, ya yi shekara biyu ko uku yana aiki, ya rubuta maƙala, ya miƙa wa mujalla kyauta. Mujallar ta tura wa wasu masana biyu ko uku su duba ingancin aikin, su ma galibi ba a biyansu. Idan an karɓa, marubucin ya sa hannu a takardar da ta mayar da haƙƙin mallakar maƙalar hannun kamfanin ɗab'i. Daga nan kamfanin ya juyo ya sayar wa ɗakin karatun jami'ar da marubucin ke koyarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da can ba haka abin yake ba. Mujallun kimiyya na farko sun fito ne a 1665, ɗaya a Faris, ɗaya a Landan, kuma tsawon ƙarnoni ƙungiyoyin masana ne suka fi riƙe da su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kuɗin bincike ya yawaita, sai 'yan kasuwa suka gane akwai romo a wurin. Yau kamfanoni ƙalilan, irin su Elsevier da Springer Nature da Wiley da Taylor & Francis, su ke da kaso mai tsoka na mujallun duniya, kuma ribar Elsevier ta daɗe tana haura kashi 30 cikin 100. Ba na cewa kamfanonin ba sa aikin komai. Suna tsara shafi, suna kula da na'urori, suna adana tsofaffin fitowa. Farashin ne ya yi wa aikin nisa. A 2012 jami'ar Harvard da kanta ta sanar da malamanta cewa kuɗin mujallu yana neman ya fi ƙarfinta. Idan Harvard ta koka, me jami'ar da ke fama da kuɗin man janareto za ta ce?

Wannan ba damuwar malaman jami'a ba ce kawai? Mene ne ruwan sauran jama'a?

A watan Afrilun 2015, cutar Ebola ta riga ta hallaka dubban mutane a Afirka ta Yamma, sai Dokta Bernice Dahn, babbar jami'ar lafiya ta Laberiya a lokacin, ita da abokan aikinta biyu suka yi rubutu a jaridar New York Times. Sun bayyana cewa tun 1982 wasu masu bincike daga Jamus suka wallafa maƙalar da ta nuna alamun ƙwayar cutar a jinin mutanen Laberiya, har suka ja kunne cewa ma'aikatan lafiya na ƙasar za su iya cin karo da ita. Maƙalar tana kulle a mujallar da sai an biya, babu kuma ɗan Laberiya cikin marubutanta. Waɗanda aka ɗebi jininsu da likitocin da ke duba su ba su san da ita ba. Ban ce buɗe wannan maƙala kaɗai zai hana annobar ba, amma ai gargaɗin da bai isa kunnen mai shi ba, ba a yi shi ba.

Ka kawo abin gida. Likitan babban asibiti a ƙaramar hukuma da ke son sanin sabon bayani kan sankarau, malamin gona da ke neman abin da aka gano game da tsutsar da ke cin masara, ɗan jarida da ke son tabbatar da maganar da wani ya yi: duk waɗannan ba su da katin laburare na jami'a. Kuma da harajinsu aka yi binciken.

Ya zuwa yanzu an cimma wani abu kuwa?

Ƙwarai. A 1991 Paul Ginsparg ya buɗe arXiv, inda masana fiziks suka fara ajiye maƙalunsu kowa ya gani. PubMed Central ya zo a 2000 don fannin lafiya. A 2008 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta wajabta a buɗe duk aikin da ta ba kuɗi cikin wata 12 da wallafawa. A 2018 wasu hukumomin ba da tallafin bincike na Turai suka fito da tsarin da suka kira Plan S, wanda ya ce a buɗe nan take, ba jira. A watan Nuwamban 2021 kuma ƙasashen UNESCO suka amince da shawara kan buɗaɗɗiyar kimiyya.

Ina jin ana cewa kore, zinariya, lu'ulu'u. Me suke nufi?

Laƙabin hanyoyi ne. Koriyar hanya ita ce ka wallafa a kowace mujalla, sannan ka ajiye kwafi a rumbun jami'arku na intanet ko rumbun fanninku; wasu mujallu kan ce sai bayan wata 6 ko 12. Ta zinariya ita ce mujallar da kanta a buɗe take ga mai karatu, kuma da yawa daga cikin manyan irin wannan marubuci suke caja. Ta lu'ulu'u kuwa ba a karɓar kuɗi daga kowa, jami'a ko ƙungiyar masana ko gwamnati ce ke ɗaukar nauyi. Akwai kuma ta huɗu mai baki biyu: mujallar da ake biya kafin a karanta, amma in marubuci ya biya sai a buɗe tasa maƙalar ita kaɗai. Wannan ba na ba kowa shawarar bin ta, domin sau da yawa kamfanin yana ci ta gaba yana ci ta baya.

To idan karatu ya zama kyauta amma marubuci ne zai biya, mu ina muka tsira?

Nan ne gizo ke saƙar. Lokacin da mujallar Nature ta buɗe wannan hanya a 2021, kuɗin da ta yanka wa maƙala guda yuro 9,500 ne. A canjin yau, ƙaramin malamin jami'a a Nijeriya zai yi shekara yana karɓar albashi bai haɗa wannan ba. Sauran mujallu ba su kai haka ba, amma dala dubu biyu zuwa uku abu ne da aka saba gani.

Jami'o'in Turai da Amurka sun samo wa kansu mafita. Jamus ta haɗa jami'o'inta wuri guda ta zauna ciniki, ta ƙulla yarjejeniya da Wiley a 2019, daga baya da Springer Nature, sai Elsevier a 2023. Jami'ar California ta yanke hulɗa da Elsevier a 2019, ba ta koma ba sai 2021 da aka daidaita. A irin wannan tsari malaminsu ba ya taɓa aljihunsa. Namu kuwa shi kaɗai ne da albashinsa. Na ga malamar da ta yi shekara biyu tana bin ƙauyuka tana auna ruwan rijiyoyi, mujalla mai daraja ta karɓi aikinta, ta zo ofishina da takardar neman kuɗi a hannu, ta zauna ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ko fili na sayar ba zai kai ba." An buɗe mana ƙofar karatu, ana kuma neman rufe mana ta magana. An gudu ba a tsira ba ke nan, kuma ni a ganina wannan ce babbar matsalarmu a yanzu.

Duk da haka akwai abu biyu da ya kamata a sani. Na farko, yawancin manyan kamfanoni suna da tsarin yafe kuɗi ko rage shi ga masu bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Wasunsu da jerin ƙasashe na Bankin Duniya suke aiki, shi ya sa ɗan Nijar kan sami yafiya gaba ɗaya a wurin da ɗan Nijeriya ragi kawai zai samu. Ana nema ne lokacin miƙa maƙala, ba bayan an karɓa ba. Wannan kuskuren ne malamar nan ta yi, don babu wanda ya gaya mata. Na biyu, fiye da rabin mujallun da ke cikin DOAJ, wato kundin buɗaɗɗun mujallu da ke intanet, ba sa cajin marubuci komai. Kafin ka tura aikinka, shiga can ka tace waɗanda ba su da kuɗi a fanninka.

Kullum ana turo mini saƙo ana cewa in kawo maƙala za a buga cikin kwana uku. In amsa?

Kada ka amsa, don Allah. Tantance maƙala ta gaskiya takan ɗauki makonni, sau da yawa watanni. Mai cewa kwana uku kuɗinka yake so.

A 2013 wani ɗan jaridar kimiyya, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙala mai cike da kurakuran da ɗalibin ajin farko zai gane, ya aika wa mujallu 304 masu cajin marubuci. Guda 157 suka karɓa. Irin waɗannan ne ake kira mujallun bogi. Alamominsu ba ɓoyayyu ba ne: saƙo mai yawan kirari, suna mai kama da na wata fitacciyar mujalla, mujalla ɗaya tana buga likitanci da lissafi da adabi a fitowa guda, adireshi a Landan amma asusun banki a wata nahiya, ga jerin editocin da in ka tambaye su ba su ma san an sa sunansu ba. Idan ta ce tana cikin DOAJ ko Scopus, wani babban kundin mujallu, kada ka yarda da tambarin da ta manna. Je shafin su DOAJ ɗin ka duba da idonka. Akwai kuma shafin Think. Check. Submit. mai jerin tambayoyin da za ka yi wa kanka.

Ba na ɗora laifin duka a kan ƙaramin malami. Mutumin da aka ce sai ya kawo maƙalu kaza kafin a yi masa ƙarin girma, ga aji mai ɗalibai ɗari huɗu, ga ɗakin gwaji babu kayan aiki, dole wata rana ya faɗa hannun 'yan damfara. Amma asarar tasa ce: aikin da ya shiga mujallar bogi da wuya wata ta kirki ta sake karɓarsa.

Ke nan buɗaɗɗun mujallu ba su kai na kuɗi inganci ba?

A'a. Buɗewa daban, inganci daban. PLOS Biology da ta fara fita a 2003 a buɗe take, kuma tana cikin masu tsananin tantancewa. A ɗaya ɓangaren, an sha janye maƙalun ƙarya daga tsofaffin mujallu masu kulle. Gaskiyar da ba zan ɓoye ba ita ce, tsarin da kamfani ke ƙara samun kuɗi gwargwadon yawan abin da ya buga yana jawo sakaci. A 2023 kaɗai an janye maƙalu sama da 8,000 daga mujallun Hindawi, mallakar Wiley. Abin dubawa shi ne su wa ke tantancewa da yadda suke yi.

Ina zan sami maƙala kyauta ta hanyar halal?

Fara da Google Scholar, ka danna inda aka nuna sauran kwafin maƙalar, sau da yawa akwai na kyauta a ciki. Ka sa Unpaywall a burauzar kwamfutarka, zai riƙa nuna maka in akwai kwafin halal. Don mujallun Afirka akwai AJOL, wanda ya fara a 1998 kuma yana ɗauke da mujallu ɗaruruwa, ciki har da na jami'o'in Kano da Sakkwato. Ɗaliban Yamai da Damagaram da Maraɗi masu karatu da Faransanci su duba HAL da Persée da OpenEdition.

Sannan ka tambayi laburarenku ko jami'a tana da rajista da Research4Life. Shiri ne na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da kamfanonin ɗab'i: HINARI na lafiya tun 2002, AGORA na noma tun 2003, da wasu na muhalli da ƙere-ƙere da shari'a. Wasu ƙasashe kyauta suke samu, wasu da kuɗi kaɗan. Na sha ganin ɗalibi ya gama digiri bai taɓa jin labarinsa ba, alhali lambar shiga tana aljihun tebur a hawa na biyu.

In duk sun gagara, rubuta wa marubucin gajeren saƙo cikin ladabi. Yawancinsu murna suke yi wani ya nemi aikinsu.

Sci-Hub fa? Kowa da shi yake amfani.

Na san da haka. Shafi ne da ke ba da maƙalun da ke kulle kyauta ba da izinin kamfanonin ba, kuma Alexandra Elbakyan, ɗaliba 'yar Kazakistan, ita ta kafa shi a 2011 saboda irin takaicin da ke kawo ku ofishina. Amma ya saɓa dokar haƙƙin mallaka; a 2017 wata kotu a New York ta yanke wa Elsevier diyyar dala miliyan 15 a kansa, ƙasashe da dama kuma sun toshe shi. Ni ba na tura kowa can. Kuma ko ba don doka ba, bai warware komai daga tushe ba: bai sa aikin ɗan Katsina ya isa ga mai karatu a Barazil ba, bai rage wa malamar nan kuɗin wallafa ba.

Idan na sa kundin digirina a intanet, ba za a sace ba?

Wannan tsoro na fi ji daga bakin manyan malamai, kuma ina girmama shi, amma abin akasin haka yake. Kundin da ke kan kanta a ɗakin ajiya shi ya fi sauƙin sata, domin wani zai ɗauke shi ya kai shagon kwafi, ya canza suna da sunan gari, ya miƙa a wata jami'a, babu mai ganewa har abada. Wanda ke intanet da kwanan wata da sunan mai shi, manhajar gano satar fasaha za ta iya cafke wanda ya kwafa. Lasisin Creative Commons da ake liƙa wa irin wannan aiki ma sharaɗinsa na farko shi ne a ambaci mai shi.

Akwai kuma ɓarawon da ba a lissafawa. Na taɓa shiga wani ɗakin ajiyar kundaye bayan damina, na ɗago wani mai koren bango kan waƙoƙin niƙa na matan wani yanki, rabinsa ya zube mini a hannu, gara ta gama da shi. An buga shi da tafireta tun kafin a haifi yawancin ɗalibanmu, kwafin ke nan guda, matan da aka naɗi muryarsu kuwa sai dai addu'a. Tun daga ranar ban ƙara jin nauyin roƙon kowa ya kawo kundinsa a ɗauka a na'ura ba.

Inda ake yin hattara shi ne aikin da ke ɗauke da sirrin marasa lafiya, ko wanda za a nema masa rajistar ƙirƙira. Wannan ana iya jinkirta buɗe shi.

Mene ne zubin farko, kuma za a iya dogara da shi?

Maƙala ce da marubuci ya saki kafin masana su tantance ta, a wurare irin su arXiv, bioRxiv, medRxiv ko AfricArXiv da aka buɗe a 2018. Amfaninta sauri. Lokacin korona an ga alherin hakan, an kuma ga sharrinsa, don wasu sakamakon da ba su nuna ba sun bazu a WhatsApp kamar wutar daji. Mai bincike ya karanta da idon basira. Ɗan jarida kuma wajibi ne ya gaya wa jama'a cewa ba a tantance ba tukuna.

Kwamitin ƙarin girma ya fi son mujallun waje. Me zai sa in ba mujallar gida aikina?

Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan ce ka sadaukar da ci gabanka ba. Amma dubi abin da wannan ma'auni ke jawowa. Mai bincike kan cutar gero ko tsarin gadon gona a ƙasar Hausa, idan ya kai aikinsa waje, sau da yawa sai ya lanƙwasa shi ya dace da abin da ke damun editan can, waɗanda abin ya shafa kuma ba za su gan shi ba. Mai rubutu da Hausa kan nahawu ko waƙa ko tarihi ma ba shi da gurbi a yawancin manyan kundayen mujallu irin su Scopus. Tun 2012 aka tsara sanarwar San Francisco da ke kira a auna aikin mutum da abin da ke cikinsa, a daina auna shi da sunan mujallar da ya fito.

Latin Amurka ta nuna ana iyawa. Barazil ta kafa SciELO a ƙarshen shekarun 1990 da kuɗin hukuma, mujallun yankin suna fita da Fotugis da Sifaniyanci da Ingilishi, kowa yana karantawa kyauta, Afirka ta Kudu ma ta shiga tsarin. Mu ma muna da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund a Nijeriya, ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suna da CAMES, majalisarsu ta ilimi mai zurfi. Da za a ware wani kaso na kuɗin bincike a tsaya wa mujallun gida da editoci da na'urori da tantancewa ta gaskiya, sannan kwamitoci su ba su maki daidai da ingancinsu, da malamai ba su riƙa cin bashi suna aika daloli waje ba.

Sashenmu yana da mujalla amma a takarda take fita. Ta ina za mu fara?

Manhajar Open Journal Systems kyauta ce, dubban mujallu a duniya da ita suke aiki, kuma ma'aikacin kwamfuta na jami'a zai iya ɗora ta. Ku nemi ISSN ta intanet, wato lambar shaidar mujalla, ku rubuta ƙa'idar tantancewa da ta lasisi a fili a shafin, ku sa sunayen editoci na gaskiya da izininsu. Kowace maƙala ta zo da taƙaitawa cikin harshe biyu, ko da Hausa aka rubuta ta, don injin bincike ya gan ta. Ku ɗauki tsofaffin fitowa a na'ura tun daga ta farko. Abin da ya fi kashe mujallunmu shi ne fita yau, ɓacewa shekara uku, don haka gara ku yi alkawarin fitowa ɗaya a shekara ku cika. In kun jera fitowa a kan lokaci, sai ku nemi shiga AJOL da DOAJ. Neman shiga DOAJ ba a biyan komai.